Ramin Noti a Jikin Jita

A da, mai jitar lantarki yakan shekara goma yana kaɗa ta bai taɓa leƙa cikinta ba. Yadda ta fito daga kamfani haka za ta tsufa a hannunsa. In tsirkiya ta tsinke ya sa wata, in waya ta saki ya kai wa mai gyaran rediyo ya ɗiga mata dalma, shi ke nan. Muryarta kuwa ba mai taɓawa. Da wadda ta zo, da ita za ta ƙare. Yau yaron da yatsunsa ba su gama sabawa da tsirkiya ba ya riga ya haddace sunayen kamfanonin da ke ƙera maɗaukin sauti, ya san mai kauri, ya san mai zaƙi, yana kuma tarin kuɗin da zai yi odar ɗaya ta waya. Ban ga laifinsa ba. Sai dai duk wannan cire-ka-sa a kan wani ɗan abu yake ƙarewa wanda ba mai kula da shi, wato ramin da noti ke shiga.

Shi maɗaukin sauti ba wani abin al'ajabi ba ne. Shi ne ɗan abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Cikinsa maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai tsananin siranta, naɗi wajen 8,000 a irin wanda ake sa wa jitar Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe na karkarwa a samansa sai ɗan lantarki ya tashi a cikin kwayil ɗin, amfilifaya ta karɓa ta mai da shi ƙara. Duk mai naɗin kwayil ɗin fanka ko na janareta, in aka buɗe masa, nan take zai gane aikin. George Beauchamp ne ya fara haɗa wanda ya yi aiki sosai a Kalifoniya a 1931, shi da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da jitar a 1932.

Amma wanda ya tsara jitar da ake kwancewa a ɗaure shi ne Leo Fender, kuma ba banza ba. Shi ba makaɗi ba ne, bai ma iya jita ba. Mai gyaran rediyo ne da ya buɗe shago a garin Fullerton a 1938, tunaninsa duk na mai gyara ne: abu ya zama in ya lalace a cire a sa wani. Wuyan jitarsa da notuna huɗu ya ɗaure shi, bai manna da gam ba kamar yadda aka gada. A Stratocaster, wadda ta fito a 1954, maɗaukan sauti uku da maɓallan ƙara da wayoyinsu duk a jikin faifan roba ɗaya ya rataye su, sannan ya ɗaure faifan a katako da notuna takwas. Daga 1959 suka koma goma sha ɗaya. A riƙe wannan adadi, don duk wanda zai canza maɗauki ko da guda ɗaya ne a irin wannan jita, sai ya kwance su duka, ya mayar da su duka.

Kamfanin Gibson ya bi wata hanyar. Maɗauki mai kwayil ɗaya yana jawo gurnanin wutar lantarki, irin wanda ake ji in an tsaya kusa da tiransifoma. Injiniyansu Seth Lover ya haɗa kwayil biyu masu saɓa wa juna don su kashe gurnanin, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Shi wannan a cikin ɗan firam na roba yake rataye da dogayen notuna biyu masu sifirin, firam ɗin kuma an kafa shi a katako da ƙananan notuna huɗu.

Har wajen ƙarshen shekarun 1960 maganar ba ta wuce nan ba. Maɗauki kayan gyara ne, sai naka ya mutu kake neman wani. Abin ya juya ne a 1972, lokacin da Larry DiMarzio ya fara sayar da nasa mai suna Super Distortion, wanda aka yi daidai ramin na Gibson, don mutum ya cire lafiyayye ya sa wanda ya fi shi ƙarfi. Seymour Duncan ya kafa nasa kamfanin a 1976. Sai ga makaɗi Eddie Van Halen, wanda ya ciro maɗauki daga wata Gibson, ya sassaƙe jikin jita mai siffar Stratocaster da kurfi, ya kafa shi kai tsaye a katako. Da faifan ƙungiyarsa na farko ya fito a 1978 matasa suka ji ƙarar, suka kuma ga hoton jitar, sai kowa ya ɗauki sukundireba. Daga nan jita ta tashi daga abin da ake saye a gama, ta koma abin da ba a gama haɗa shi.

A yankinmu abin ya zo ta wata ƙofa daban, kuma a makare. Jitar da ta yi suna a Sahara ta Abzinawa ce, wadda ta taso a zaman gudun hijira a Aljeriya da Libiya. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko. Haka Mdou Moctar na Nijar, shi ma da wayar keke ya yi tsirkiyar tasa yana yaro. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da salon muryar injin nan ta waƙoƙin finafinan Hausa, ya kuma yaɗu daga waya zuwa waya kafin Turawa su san da shi. Mutanen da suka fara da wayar birki ba su da lokacin gardamar wane maɗauki ya fi wani zaƙi. Jita in ta samu, ta gari ce: a kaɗa ta a wannan biki, a goya ta a babur zuwa wancan, ƙura ta shiga, rana ta doke ta. Yau Mdou Moctar, bahago, yana zaga duniya da Stratocaster, Bombino na Agadas ya kai ga shiga takarar kyautar Grammy da faifansa Deran na 2018, ƙungiyar Etran de l'Aïr da ta taso daga kiɗan biki a Agadas tana wasa a Turai da Amurka. Ƙannensu kuwa suna da abin da su ba su samu ba: jita mai araha ƙirar Chaina ko Indonesiya, da bidiyon koyon gyara a tafin hannu, da hanyar yin odar kaya.

A nan matsalar take ɓullowa. Yaro ya sayi jita mai sauƙin kuɗi, ya sayo mata maɗauki ɗan Amurka wanda wani lokaci ya fi ta tsada, ya kwance, ya haɗa waya, ya zo ɗaurewa sai noti ya ƙi kamawa. Yana ta juyawa, ba ya tsayawa. Abin da yawanci ba a sani ba shi ne notunan iri biyu ne, cutarsu daban, maganinsu daban.

Na farko su ne masu shiga katako: na faifan roba, na firam, da na maɗaukin da ake kafawa kai tsaye, kamar P-90 na Gibson ko na jitar bes. Notin katako shi yake yanka wa kansa hanya ranar da aka fara sa shi. Haƙoran da ya bari a cikin ramin na itace ne, ba su da wani ƙarfi. In aka mayar da shi ya bi tsohuwar hanyarsa, lafiya lau. In ya kauce ya yanki sabuwa, ya cinye rabin ta da. A yi haka sau uku ko huɗu, sai ramin ya zama gari. Kamar turken akuya ne: yau a zare, gobe a kafa a wuri ɗaya, wata rana da hannu ɗaya za a ɗaga shi. Jitoci masu araha kuma da itace mai taushi ake yin su, wasu ma da filawud, ga yanayinmu da ba ya raga wa katako. Damina ta kumbura shi, hunturu ya tsotse shi, notin da ke daram a watan Agusta sai a same shi yana rawa a Janairu ba wanda ya taɓa shi.

Na taɓa zama a rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya, wani saurayi ya shigo da jita ja, firam ɗin maɗaukinta na baya ya ɗaga ta gefe ɗaya. Ya ce, "Baba, noti nake nema wanda ya ɗan fi wannan kauri." Dattijon ya karɓa, ya sa yatsa ya girgiza firam ɗin, ya ce, "Ɗana, in na ba ka mai kauri yau, baɗi wanne zan ba ka?" Ya aiki yaronsa ya sayo tsinken sakace. Ya zare notin, ya busa ramin, garin katako ya fito. Ya lakaci farin gam na kafinta da bakin tsinke ya shafe cikin ramin, ya tura tsinke biyu har suka tokare, ya ƙara rabin na uku ya cike gefe, sannan ya sa reza ya yanke su daidai da fuskar jitar, yana kare fentin da ɗan kwali. Gam ɗin da ya tsatso ya goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce wa saurayin ya dawo gobe. Saurayin ya ce yana da wasa da daddare. Dattijon ya ce, "To ka ari ta wani." Washegari ya sa bakin allurar ɗinkin buhu ya yi ɗan gurbi a tsakiyar tsinkayen, ya goga haƙoran tsohon notin a jikin kyandir, ya ɗora shi, ya juya shi baya a hankali kafin ya juya gaba. Da kan notin ya zauna a firam sai ya tsaya, bai ƙara ko ɗigo ba.

Juyawa bayan nan da ya yi, ita ce dabarar da ta fi kowace araha, kuma da an san ta da rabin ramukan ba su lalace ba. Ka ɗora noti a bakin rami, ka juya shi hagu ba tare da dannawa ba, za ka ji ya ɗan faɗa, ƙyas. Ya sami bakin tsohuwar hanyarsa ke nan. Daga nan sai ka juya dama, zai shige ba gardama. Dattijon nan bai koyi wannan a kan jita ba. A kan akwatunan rediyo na katako da na roba ya koya, inda noti ɗaya ake kwancewa sau ɗari.

Akwai masu raina gyaran tsinke, suna cewa aikin talaka ne. Gaskiya akwai wanda ya fi shi: a huda ramin ya ɗan faɗaɗa, a sassaƙa ɗan turun itace mai tauri daidai shi, a manna da gam, in ya bushe a sake huda siririn rami a tsakiya. Wannan ya wajaba a inda noti ke ɗaukar nauyi, kamar maƙalin igiyar rataya ko gadar tsirkiya. Amma notin faifai da na firam ba abin da suke ɗauka sai 'yar roba. Tsinke da gam sun ishe su shekaru, kuma manyan masu gyaran jita a Amurka ma abin da suke yi ke nan. Tsinken ashana ma yana yi in an karye kan, sai dai ya fi taushi. Abin da ba na so shi ne a ɗura sufa gulu a rami a tura noti yana ɗanye. Ranar zai kama, har mutum ya yi murna. Ranar da za a sake buɗewa kuwa, ko kan notin ya sule ko ya fito da tsokar katako. In kuwa za a huda da injin, a naɗa salatif a jikin bakin mahudin daidai zurfin da ake so, don ƙarƙashin maɗaukan Stratocaster katakon ba kauri gare shi ba, akwai ramin sifirin ta baya. An sha ganin dogon noti ya leƙo ta can.

Iri na biyu su ne notunan da ke ɗaga maɗaukin su sauke shi. Su ba katako suke shiga ba. A mai kwayil biyu, cikin 'yan ƙafafun ƙarfe biyu da ke gindinsa suke shiga. A na Stratocaster kuwa, cikin wani baƙin kwali mai tauri, ko roba a masu araha. A nan ne rikicin inci da milimita yake. Kamfanonin Amurka irin su Gibson da Seymour Duncan da DiMarzio suna amfani da noti mai lamba 3-48, kaurinsa wajen milimita 2.5. Yawancin na Asiya kuwa M3 ne, milimita 3 cif. A ido kusan ɗaya suke, tazarar haƙoransu ma ta yi kusa ƙwarai, shi ya sa suke yaudara. Ka sa na Amurka a ƙafar ɗan Asiya, zai yi ta lilo, ya riƙe yau ya zame gobe. Ka sa M3 a ƙafar ɗan Amurka, zai fara shiga da ƙyar, mai shi ya ce ai sabo ne ya ƙara ƙarfi, nan take ya cinye haƙoran. Na Fender mai kwayil ɗaya kuma nasa daban ne, 6-32, wajen milimita 3.5. Saurayin da ya ce bari ya yi amfani da tsofaffin notunan jitarsa tunda launinsu ya fi dacewa, shi ne ya fi faɗawa wannan rami.

In haƙoran ƙafar ƙarfe suka cinye, tsinke ba shi da aiki a nan. In lalacewar kaɗan ce, akan ɗora ƙafar a kan ƙarfe a ɗan bubbuga gefen ramin ya tsuke, noti ya sake samun abin kamawa. In ta yi nisa, sai a nemo 'yar macen noti daidai shi a like ta da dalma ko da gam mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙafar, ko a sake yanka haƙora na M3 a koma amfani da shi gaba ɗaya. Na kwali kuwa a nan ne sufa gulu ke da rana: a shafa ɗigo a bangon ramin da bakin tsinke, a bari ya bushe sarai, sannan a mayar da noti ya yanki hanyarsa a ciki. Duk wannan aiki ana yin sa ne dab da kwayil, wanda wayarsa ko farce yana iya tsinka ta. Sukundireba ta zame sau ɗaya, maɗaukin ya mutu, garin neman gira an rasa ido. Shi ya sa nake ganin sukundireba mai batir, wadda ta cika kasuwa yanzu, ba ta da hurumi a jikin jita. Hannu yana jin lokacin da noti ya isa. Ita ba ta ji, sai ta wuce. Kuma a rufe fuskar maɗaukin da salatif in ana goge ƙarfe a kusa, don maganaɗisu ba ya barin ko ƙwayar gari.

Wani lokacin ma haƙoran lafiyarsu ƙalau, abin da ke tokare maɗaukin ne ya mutu. Tsakanin faifai da maɗauki akwai sifirin ko ɗan gutsuren tiyo na roba, a ƙarƙashin wanda aka kafa a katako kuma akwai soso. Su ke tura shi ya tsaya cak. Zafi yana busar da tiyo ya taurare, soso ya lotse ya daina tashi. Sai maɗaukin ya riƙa karkata, yana kaɗawa, mai shi ya yi ta ɗaure notin da ba shi da laifi har ya kashe shi. Tiyon ƙarin ruwa na asibiti ko na bawul ɗin keke, in an yanka daidai tsayi, yana maye gurbin na asali.

Ga abin da na daɗe ina lura da shi, ko da masu sayar da kaya ba za su so ji ba: da yawa daga cikin maɗaukan da ake cirewa ba abin da ya same su. Tazarar da ke tsakanin maɗauki da tsirkiya tana canza murya fiye da yadda ake zato. In ya yi ƙasa, sauti ya siraice, ƙarfi ya ragu. In ya matso da yawa, maganaɗisun ya riƙa jan tsirkiyar, sauti ya riƙa rawa kamar ba a saita ba, ya kuma mutu da wuri. Ma'aunin da Fender ke bayarwa ga maɗauki irin na da shi ne, in an danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe, a bar wajen milimita 2.4 ta gefen masu kauri, milimita 2 ta gefen sirara. Rabin milimita ana jin sa a kunne. To noti ya saki, maɗauki ya zame ƙasa a hankali cikin wata shida, mai jita ya ce muryarta ta mutu. Ya sayo sabo, ya ɗaura shi a daidai tsayi, ya ji ta farfaɗo, ya yi ta yabon kamfani. Da ya ɗaga tsohon da juyi biyu, wataƙila da kuɗinsa na aljihu. Ba ina cewa duk maɗauka ɗaya ba ne. Wanda ya taɓa jin bambancin mai kwayil ɗaya da mai biyu ba zai faɗi haka ba. Amma kafin a yanke wa na jiki hukunci, a fara saita shi tukuna.

Masu ƙira sun lura da cewa mutane ba za su daina canzawa ba, sun fara sauƙaƙa abin. Kamfanin EMG ya daɗe da fito da maɗauka masu 'yan soket, a cusa kawai ba sai an kunna abin dalma ba. Wannan ya rage ƙona waya, amma ya ƙara yawan buɗewa, ramukan katako kuwa suna nan yadda Leo Fender ya bar su. Masu yawan gwaje-gwaje yanzu sukan dasa 'yan bututun tagulla masu haƙora a cikin katakon, su koma amfani da notin ƙarfe-cikin-ƙarfe, wanda ko sau nawa aka kwance ba ya cin rami. Aiki ne mai kyau in an sami mai hannu, ko da yake a jita mai tarihi yana rage mata daraja a wurin masu tara tsofaffin kaya, waɗanda har notin asali suke dubawa. Ga wanda ba zai kai can ba, ya sami ɗan kwali ya zana siffar faifan, duk notin da ya zare ya soke shi a gurbinsa, don kowanne ya koma ramin da ya fito. Notunan da suka zo da sabon maɗauki su za a sa masa, ko launinsu bai yi ba. Na tsohon kuma a ɗaure su a leda ɗaya da shi, da sifirin ɗinsu, saboda ba a cika samun 3-48 a kasuwar 'yan noti ta Kano ko ta Yamai ba, kuma wanda ya cire maɗauki bana ba mamaki baɗi ya nemi mayar da shi.